Dixie Dean: ƙwallo 60 a kaka ɗaya, albashi fam takwas a mako

A watan Mayun 2023, da Erling Haaland ya kammala kakarsa ta farko a Manchester City da ƙwallo 36, ko'ina sai ka ji ana cewa ya kafa tarihi a Ingila. Ya kafa ɗin, amma tarihin Firimiya ne, ita kuwa Firimiya a 1992 aka raɗa mata suna. Babbar gasar Ingila ta girme ta da shekara ɗari da ƴan kai, domin tun 1888 ake buga ta. In aka buɗe littafin tun daga shafin farko, wanda ke zaune a sama wani matashi ne ɗan shekara 21 da ya ci wa Everton ƙwallo 60 a wasa 39, a kakar 1927/28. Sunansa na yanka William Ralph Dean, amma duniya da Dixie Dean ta san shi. An kusa cika shekara ɗari, kuma a babban rukunin gasar Ingila babu wanda ya ko kai hamsin tun daga ranar.

An haife shi ranar 22 ga Janairun 1907 a Birkenhead, garin maƙera jiragen ruwa da ke tsallaken kogin Mersey, yana fuskantar Liverpool. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne kuma mai son Everton, shi ya fara kai yaron filin Goodison Park a kakar 1914/15, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofin lig. Daga nan zance ya ƙare, yaro ya ga inda yake so ya je. Karatu bai dame shi ba. Yana ɗan shekara 11 ya koma wata makarantar horon kangararrun yara da ke garinsu, ba don ya yi laifin komai ba, sai don makarantar tana da filin ƙwallo da ƙungiya mai kyau. Mu da muke aji kullum mun san irin wannan yaron: jikinsa na kan benci, hankalinsa na fili. Yawancinsu ƙwallon ba ta kai su ko'ina, shi ya sa muke hana su. Wannan dai ta kai shi.

Da ya bar makaranta yana ɗan 14 sai ya shiga koyon gyaran injin jirgin ƙasa a kamfanin da mahaifinsa ke aiki, yana zaɓar aikin dare domin ya samu rana ya buga ƙwallo. Tranmere Rovers, ƙaramar ƙungiyar garinsu da ke rukuni na uku, ta ɗauke shi yana da shekara 16. A wasan lig 30 da ya yi mata ya ci 27, manyan ƙungiyoyi suka fara zarya a kansa. A watan Maris na 1925 Everton ta biya fam 3,000 ta ɗauke shi. Shi da kansa daga baya ya ba da labarin cewa ya sa ran za a ba iyayensa fam 300 daga cinikin, sai fam 30 suka gani. Ku riƙe wannan a rai, domin haka lissafin zai ci gaba da tafiya har ƙarshen rayuwarsa: kuɗi masu nauyi suna wucewa ta kansa, ɗan abin da ya zubo shi ne rabonsa.

Laƙabin Dixie kuwa bai taɓa son sa ba, ya fi so a ce masa Bill. Wasu sun ce an sa masa ne saboda duhun fatarsa da murɗaɗɗen gashinsa, ana kamanta shi da baƙaƙen fatar kudancin Amurka, yankin da ake kira Dixie. Wasu masu binciken tarihin Tranmere sun ce daga wani sunan wasa na ƙuruciya ne, Digsy, bakin jama'a ya karkatar da shi. Ko ma wanne ne, sunan ya bi shi har kabari.

Sa'arsa ta farko ita ce lokacin da ya iso. A bazarar 1925, ƴan watanni bayan zuwansa Everton, aka sauya dokar satar gida. Kafin nan, idan za a turo wa ɗan wasan gaba ƙwallo, sai akwai abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga, har da gola. Ƙungiyoyi a lokacin ƴan baya biyu suke tsayarwa, don haka da ɗaya ya ɗan taka gaba, shi ke nan an kama ɗan gaba. Bill McCracken na Newcastle ya shahara a wannan tarko har wasa ya zama abin gundura, alƙali na ta busa, ƴan kallo na ta hamma. Sai aka rage adadin daga uku zuwa biyu. Abin da ya biyo baya a bayyane yake cikin alƙaluma: a kakar 1924/25 an ci ƙwallo 1,192 a babban rukuni, kaka ta gaba aka ci 1,703. Dean, yana ɗan shekara 18 zuwa 19, ya ci 32 daga ciki.

Sai ƙaddara ta gitta. A watan Yunin 1926 ya yi hatsari a kan babur kusa da Holywell, a arewacin Wales. Ƙoƙon kansa ya tsage, muƙamuƙinsa ya karye, ya yi kwana ɗaya da rabi bai san inda yake ba. Likitoci ta ransa suke yi, ba ta ƙwallo ba, kuma ko da ya farfaɗo ba a yi zaton zai sake sa kai ya tari ƙwallo ba. Cikin wata huɗu ya dawo fili, ya fara da ƙaramar tawagar Everton, kuma a wasan farko da ka ya ci. Daga nan jita-jita ta bazu wai an sa masa farantin ƙarfe a goshi, wai shi ya sa ƙwallonsa ta ka take fita kamar harbi. Babu wani ƙarfe a goshinsa. Mutane ne dai idan abu ya fi ƙarfin tunaninsu sai sun nemo masa wani dalili.

A dai lura da irin ƙwallon da ake magana. Ta fata ce mai ɗinki, bakinta a ɗaure da igiya, in ruwa ya jiƙa ta sai ta sha ta yi nauyi, igiyar kuma in ta samu goshi sai ta tsaga. Filayen hunturu caɓi ne zalla. Babu canjin ɗan wasa, sai a 1965 aka fara yarda da shi a gasar lig, saboda haka wanda ya ji ciwo ko dai ya fita a bar ƴan uwansa su goma, ko ya koma gefe yana ɗingishi har a tashi. Mutumin da aka haɗa wa ƙoƙon kai a asibiti, wannan ƙwallon ya dawo yana tara da ka. Tsayinsa ma bai wuce mita 1.78 ba, akwai ƴan baya da yawa da suka fi shi tsawo. Abin da ya fi su shi ne sanin lokacin tashi, da ƙarfin wuya, da iya sauke wa abokin wasa ƙwallo a ƙafa in ya ga shi ba zai ci ba. A ragowar kakar 1926/27 ya ci 21 a wasa 27, kuma da ƙyar Everton ta tsira daga faɗawa, ta ƙare ta 20 cikin 22.

A wannan kakar ce wani tsohon ma'aikacin ramin gawayi, George Camsell, ya ci wa Middlesbrough ƙwallo 59 a rukuni na biyu. Kowa ya ɗauka an rufe wannan ƙofa na tsawon zamani. Shekara ɗaya tak ta yi a rufe.

Dean ya buɗe kakar 1927/28 kamar wanda ake bi bashi. Tun daga wasan farko yake ci, wasa bayan wasa. A watan Oktoba Everton ta doke Manchester United 5-2, duka biyar ɗin shi ya zura. A watan Fabrairu ya je Anfield, gidan maƙwabta kuma abokan gaba, ya ci uku rigis aka tashi 3-3. Daga nan sai abin ya tsaya cik. Watan Maris ya zo masa da fari: ƙungiya ta daina cin wasa, shi ya daina cin ƙwallo, ga kuma kiran tawagar Ingila, alhali a zamanin ba a dakatar da gasar lig don wasan ƙasa. A ƙarshen watan ma yana cikin tawagar da Sikotland ta wulaƙanta da 5-1 a Wembley. Da aka zo saura wasa uku a rufe kaka, ƙwallonsa 51. Yana buƙatar tara kafin ya wuce Camsell, wato uku a kowane wasa. Mai hankali zai ce a haƙura.

Ya ci Aston Villa biyu. Ya je Burnley ya ci huɗu, Everton ta yi nasara 5-3, amma ya fita da ciwo a cinya. Mai kula da lafiyar ƴan wasan ƙungiyar, Harry Cooke, sai ya tare a gidansa a makon nan yana yi masa gashi dare da rana. Kafin ranar wasan ƙarshe kofi ya riga ya tabbata na Everton ne, domin Huddersfield da ke bin ta a baya ta yi tuntuɓe. Don haka mutum kusan dubu hamsin da suka cika Goodison ranar 5 ga Mayun 1928 ba kofi ya kawo su ba. Ƙwallo uku suka zo gani, kuma a ragar Arsenal.

Arsenal ce ta fara ci tun ba a zauna ba. Nan take Dean ya farke da ka, 58. Jim kaɗan aka kayar da shi a gaban raga, alƙali ya ba da fenareti, ya buga da kansa, 59. Ya kamo Camsell tun wasa bai yi nisa ba, kuma kowa ya ɗauka ta ukun tana tafe yanzu-yanzu. Ina! Ƴan bayan Arsenal suka kewaye shi, golansu ya yi ta tarewa, Arsenal ta farke aka koma 2-2, aka je hutu aka dawo, lokaci na ta tafiya. Sai da ya rage kamar minti takwas Everton ta samu bugun kwana. Alec Troup, wani ɗan guntun ɗan Sikotland mai buga gefen hagu, wanda shi ne ya yi ta ɗora wa Dean ƙwallo a ka duk tsawon kakar, ya ɗago ta. Dean ya tashi sama da kowa ya sa mata goshi. Arsenal ta sake farkewa kafin a tashi, 3-3, amma ba wanda ya kula. Ranar ce kuma wasan ƙarshe na Charlie Buchan, tsohon gwarzon Arsenal da Sunderland, sai bankwanansa ya ɓace cikin ihun wani.

Nakan ba ɗalibaina wannan lissafin idan muna darasin rabawa, don na ga ya fi lemo da mangwaro kama hankalinsu: 60 a raba 39. Amsar ta haura ɗaya da rabi a kowane wasa, daga Agusta har Mayu. Everton gaba ɗaya ta ci 102 a kakar, kenan kusan shida cikin kowace goma daga mutum ɗaya suka fito. Lionel Messi a kakarsa mafi kyau a gasar Sifaniya 50 ya ci, Cristiano Ronaldo 48.

Akwai masu cewa ai dokar satar gida ce ta ba shi, ƴan baya ba su gama gane sabon tsari ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Amma dokar ba don Dean kaɗai aka sauya ta ba, ƙungiya 22 ce a rukunin, kowace da nata ɗan gaban. Wanda ya fi matsowa kusa shi ne Pongo Waring na Aston Villa da 49 a 1930/31, shi ma, abin mamaki, ɗan Birkenhead ne kuma daga Tranmere ya fito. Sannan ƴan baya ba su zauna haka ba. Herbert Chapman na Arsenal ya janyo ɗan tsakiya ya mayar da shi baya, aikinsa kawai ya manne wa ɗan gaba, sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Bayan an yi duk wannan, a kakar 1931/32, Dean ya sake cin 45 a wasa 38. A ganina wannan 45 ɗin ita ce amsar masu ƙorafi.

To, me ya samu? A nan ne labarin yake min nauyi. Tun 1922 hukumar gasar ta ƙayyade cewa babu ɗan wasan da za a biya sama da fam takwas a mako lokacin kaka, fam shida lokacin hutu, sai ɗan tukuicin fam biyu in an ci wasa, fam ɗaya in an yi canjaras. Albashin Dean na shekara, in an cire tukuici, bai kai fam 400 ba. A raba shi da ƙwallo 60, kowace ba ta kai fam bakwai ba. Kuɗin shiga kallo na masu tsayuwa sule ɗaya ne, sule ashirin ke yin fam. Ko da a ce duk wanda ya shiga Goodison ranar wasan Arsenal sule ɗaya ya biya, an tara fam 2,400 a yammaci guda, albashin Dean na shekara shida kenan. A watan Oktoban shekarar Arsenal ta sayi David Jack daga Bolton a kan sama da fam 10,000, shi ma ya je ya karɓi fam takwas ɗinsa kamar kowa. A Amurka kuwa, Babe Ruth, gwarzon ƙwallon sanda wanda shi ma ya kafa nasa tarihin na 60 a 1927, dala 70,000 yake ɗauka a shekara.

Kuma babu hanyar fita. Ƙa'idar lokacin ta ba ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da yarjejeniyarsa ta ƙare. In ba ta sake shi ba, ba zai buga wa kowa ba, in ma ta sake shi, inda zai je fam takwas ɗin ne dai. Hujjar masu ƙungiyoyi ita ce wai kada masu kuɗi su kwashe gwanaye su bar ƙanana da kango. Hujjar ba ta banza ba ce, don a shekarun nan ƙungiyoyin ƙananan garuruwa irin su Huddersfield da Burnley sun ɗauki kofi, abin da yau sai a mafarki. Kuma a Liverpool ta shekarun 1930, inda dubban ma'aikatan tashar jiragen ruwa ke zaune babu aiki, mai fam takwas a mako ba abin tausayi ba ne. Sai dai daidaiton nan a kan wuyan ƴan wasa aka gina shi, su da sana'arsu ba ta wuce shekara goma sha, kuma da ƙafa ta lalace an gama da su. Ba a soke dokar albashin ba sai a Janairun 1961, bayan ƙungiyar ƴan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki. Nan da nan Fulham ta mayar da Johnny Haynes fam 100 a mako. Dean na da shekara 54 a lokacin.

Mu koma fili. Bayan kofin 1928 Everton ta yi wani irin hawa da sauka da ba kasafai ake gani ba. A 1930 ta ƙare ta ƙarshe, ta faɗa rukuni na biyu karon farko a tarihinta, duk da Dean ya ci 23 a wasa 25 yana fama da raunuka. Bai tafi ba. Ya ci 39 a rukuni na biyu suka dawo da kofinsa a 1931, suka ɗauki kofin babban rukuni a 1932, sannan ranar 29 ga Afrilun 1933 suka doke Manchester City 3-0 a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, yana kyaftin, shi ya ci ta biyu. A wannan wasan ne aka fara sa lamba a bayan riga a wasan ƙarshe na kofin: ƴan Everton 1 zuwa 11, ƴan City 12 zuwa 22. Lamba 9 ta faɗo kan Dean. Duk yaron da yau yake rigima a unguwa sai an ba shi riga mai lamba tara, ga ɗaya daga cikin wuraren da darajarta ta samo asali. A cikin ƴan City da aka doke ranar akwai wani Matt Busby, wanda daga baya ya gina Manchester United.

Wasan hamayya da Liverpool shi ne abincinsa, ƙwallo 19 ya zura musu, sai a zamanin Ian Rush aka wuce wannan adadi. Tsakaninsa da golansu Elisha Scott akwai tsokana mai daɗi, har ana ba da labarin yakan aika masa ƙwayar maganin ciwon kai ana gobe wasa, wai don ya samu barci. Kuma duk da dukan da ya sha a hannun ƴan baya, ba a taɓa korar sa daga fili ba.

Tarihinsa da tawagar Ingila gajere ne: wasa 16, ƙwallo 18, daga 1927 zuwa 1932. Goma sha biyu daga ciki a wasanni biyar na farko ya ci su, har da biyun da suka ba Ingila nasara a kan Sikotland a Glasgow. Ingila ba ta da koci a lokacin, kwamiti ne ke zaɓen ƴan wasa, yau a kira ka gobe a manta da kai. Camsell ma ya ci 18 a wasa tara kacal, haka aka yi ta ajiye shi. Kofin duniya kuwa, na 1930 da 1934 da 1938, Ingila ba ta je ko ɗaya ba saboda ta fice daga FIFA. Dean yana ɗan shekara 25 aka daina kiran sa.

A 1936 ya wuce ƙwallo 352 na Steve Bloomer, ya zama wanda ya fi kowa ci a tarihin gasar lig ta Ingila zuwa lokacin. Amma jiki ya fara gajiya, an yi masa aiki a idon sawu fiye da sau ɗaya, nauyi ya ƙaru. A farkon 1937 Everton ta sayo wani yaro ɗan shekara 17 daga Burnley, Tommy Lawton, a kan fam 6,500. Kowa ya san gurbin wa aka kawo shi ya cike, Dean ma ya sani. Lawton ya sha faɗa daga baya cewa Dean ne ya tarbe shi, ya ja shi a jiki, ya koya masa yadda ake tashi da yadda ake juya ƙwallo da ka. Wanda ya taɓa ganin an kawo matashi a wurin aikinsa don ya gaje shi ya san wannan ba ƙaramin hali ba ne.

Ƙungiyar ba ta yi masa irin wannan karamcin ba. Dangantakarsa da sakataren Everton na lokacin, Theo Kelly, ta yi tsami, aka mayar da shi ƙaramar tawaga, kuma a watan Maris na 1938 aka sayar da shi ga Notts County ta rukuni na uku a kan fam 3,000, daidai kuɗin da aka saye shi shekara 13 baya. Wato Everton ta ci moriyar ƙwallo 383 a wasa 433, da kofin lig biyu, da na FA, sannan ta mayar da uwar kuɗinta cif. Wasanninsa na lig a Everton sun tsaya a 399, ko ɗayan da zai cike 400 ba a ba shi ba. A cikinsu ya ci 349.

A Notts County rauni bai bar shi ya yi komai ba, wasa tara, ƙwallo uku. A Janairun 1939 sai ga shi a Sligo Rovers, can yammacin Ireland, inda jama'ar gari suka yi dafifi a tashar jirgin ƙasa don su ga Dixie Dean da idonsu. Ya saka musu da ƙwallo goma a wasan lig bakwai, biyar daga ciki a ragar Waterford rana ɗaya, ya kuma kai su wasan ƙarshe na kofin ƙasar, Shelbourne ta doke su a karo na biyu. Lambar da aka ba shi ta zuwa na biyu wani ya sace ta a otal, bayan shekaru aka aiko masa da ita a ƙunshe ba sunan mai aikowa. Ya dawo Ingila ya fara buga wa wata ƙaramar ƙungiya, Hurst, sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba. Ƙwallo ta ƙare masa yana da shekara 32.

Ya yi aiki a mayanka, ya shiga soja. Bayan yaƙi ya riƙe wata mashaya mai suna Dublin Packet a garin Chester shekaru masu yawa, irin sana'ar da tsofaffin ƴan ƙwallon Ingila da dama suka ƙare a ciki. Da wannan ta ƙare sai ya samu aiki a Littlewoods, kamfanin cacar sakamakon ƙwallo na Liverpool, a matsayin ɗan aike da ɗauke-ɗauke. Mai kamfanin, John Moores, shi ne kuma babban mai faɗa a ji a Everton a shekarun. Kamfanin da ya yi arziki da wasan da Dean ya taimaka ya cika wa filaye, a can mutumin ƙwallo 60 yake kai saƙo daga ofis zuwa ofis har ya yi ritaya. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da fara'a da rashin ɗaga kai. Sai a watan Afrilun 1964, shekara 26 bayan an sallame shi, Everton ta shirya masa wasan karramawa. Mutum sama da 34,000 suka zo, aka tara masa kusan fam 7,000, kuɗin da ya fi albashinsa na duk shekarun da ya yi a ƙungiyar.

Matarsa ta rasu a 1974. A 1976 jini ya daskare masa a ƙafar dama, likitoci suka yanke ta. Daga nan zuwansa Goodison ya yi wuya. Ranar 1 ga Maris 1980 aka ɗauko shi don ya kalli Everton da Liverpool. Kafin wasan an yi wata liyafar cin abinci inda Bill Shankly, tsohon kocin Liverpool, ya miƙe ya yabe shi a gaban jama'a. Liverpool ta ci 2-1. Ana gab da watsewa zuciyarsa ta buga a inda yake zaune a cikin filin, kuma bai tashi ba. Shekararsa 73.

An yi masa addu'ar jana'iza a wata coci da ke kan titin Laird a Birkenhead, titin da aka haife shi. Bisa al'adarsu aka ƙona gawar, aka barbaɗa tokar a filin Goodison. A 2001 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin filin, yana tafe da ƙwallo a hammata, kuma nan magoya bayan Everton suka mayar wurin ajiye furanni da gyale idan wani nasu ya mutu. A watan Mayun 2025 tawagar maza ta Everton ta buga wasanta na ƙarshe a Goodison ta koma sabon fili a bakin kogin Mersey, daga inda ake hango Birkenhead a tsallake.